Me ya sa mutanen unguwa ke daina biyan kuɗin ƙungiya?

Malam, ka ce mutanen unguwarku a nan Sakkwato sun daina biyan kuɗin wata. Galibi rashin ganin lissafi ne ke jawo haka. Ku fara yin rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don banki zai nemi takardar rajistar kafin ya buɗe muku asusu da sunan ƙungiya. Mutum uku su sa hannu, kada a cire ko kwabo sai biyu sun amince. Duk gidan da ya biya a ba shi rasit, a kuma karanta lissafi ƙarshen wata a ƙofar gidan mai unguwa. Kuɗin 'yan sintiri kada ya gauraya da na gyaran taransifoma, daga nan rigima ke tashi. Yashe kwalbati kuwa ku gama shi cikin Mayu, kafin damina ta kankama.