Katifar jirgin ruwa ta hana ni barci, ga wata tafiyar ta matso: mene ne abin yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara ni da maigidana mun yi tafiyar mako guda a jirgin ruwan yawon shaƙatawa a Bahar Rum. Komai ya yi daɗi in ban da katifa. Tauri ne da ita sosai, kullum in tashi kafaɗa da ƙugu sun yi tsami, wani lokacin hannu ya sage. Shi kuwa maigidan barcinsa yake sha, har yana cewa ta yi masa daidai. Da ma ina fama da ciwon kwankwaso. Yanzu mun biya kuɗin wata tafiyar ta kusan mako biyu, kuma ina fargaba. Akwai abin da ma'aikatan jirgin za su iya yi mini, ko in tafi da abin shimfiɗata?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Akwai abin da za su iya yi, kuma galibi ba a biyan ko sisi a kansa, sai dai yana son a nema da wuri. Kafin mu kai can, yana da kyau ki san dalilin taurin, domin shi zai nuna miki inda za a gyara.

Gadon jirgi ba irin na otal ba ne. A otal katifa kan zauna a kan wani akwatin ƙasa mai sifirin wanda yake ɗan lanƙwasawa idan an hau. A jirgi kuwa a kan ƙarfe ko katako mara motsi ake ɗora ta, an ɗaga shi sama don akwatunan fasinja su shige ƙarƙashi. Duk nauyin jiki a kan katifar kaɗai yake sauka. Sannan kusan kowane dare na shekara akwai mai kwana a kanta, masu jiki da marasa jiki, don haka kamfanoni suka fi son mai ƙarfi wadda ba ta saurin lotsawa. Ga kuma dokar gobara. Ƙarƙashin SOLAS, yarjejeniyar kare rayuka a teku ta hukumar kula da sufurin ruwa ta duniya, wato IMO, kayan shimfiɗar jirgin fasinja suna da gwajin da za su tsallake, inda ake ɗora musu taba sigari mai ci da kuma ƙaramin harshen wuta a ga ko za su kama. Wannan ya taƙaita irin soso da yadin da ake iya amfani da su.

Bambancinki da maigida kuwa, mafi yawa daga salon kwanciya yake. Alamomin da kika faɗa na mai kwanciya ta gefe ne. Idan aka kwanta ta gefe a kan abu mai tauri, nauyin jiki yana taruwa a wuri biyu kawai, kan kafaɗa da ƙashin ƙugu, tsakiyar jiki kuma ta zauna a sarari babu abin da ya tallafe ta. Kafaɗar da ba ta nutse ba tana matse jijiyoyin hannu, shi ne sagewar da kike ji. Mai kwanciya rigingine ko rub da ciki nauyinsa a baje yake, shi ya sa ba ya ƙorafi. Haka nan mara nauyi ya fi jin taurin katifa, domin jikinsa bai isa ya danna ta ba.

Tunda kin ambaci kwankwaso: maganar da ake yawan yi cewa mai ciwon baya sai katifa mai tauri ba ta tabbata ba. A 2003 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifen kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bayan kwana 90, waɗanda aka ba katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba mai tauri sosai. Saboda haka kada ki daure da sunan magani ne.

Aikin yana farawa tun kina gida. Ki rubuta wa kamfanin jirgin, ko wakilin da ya yanka muku tikiti, cewa kina da ciwon baya kuma kina buƙatar ƙarin shimfiɗar soso a kan katifa. Manyan kamfanoni suna da sashen masu buƙata ta musamman, kuma suna son a sanar da su makonni kafin tashi. Wata guda lokaci ne mai kyau. Ki ajiye amsarsu a waya. Wannan saƙo ba alkawari ba ne, amma yana ba ki abin nunawa idan kin shiga.

Ranar shiga jirgi ita ce mai muhimmanci. Sosan da ke cikin jirgi bai kai yawan gadajen ba, kuma wanda ya riga tambaya shi ke samu. Mutane da yawa sukan ce bari su gwada dare ɗaya su gani, washegari su tarar an rabar. Da an buɗe ɗakuna, ki ajiye jaka ki kwanta a gadon yadda kika saba kwanciya, minti 10 zuwa 15, ba zama a baki ki danna da hannu ba. Abin da kike nema ki gane shi ne ko tauri ne ko lotsawa, domin ciwon da suke jawowa yana kama da juna amma maganinsu daban. Ki kwanta rigingine ki tura tafin hannu ƙarƙashin kwankwasonki. Idan ya shige a sake har da sarari, katifar ta yi miki tauri. Idan kuwa kin ji ƙugunki ya faɗa kwari, ko kina gangarowa tsakiya idan kin juya, ta lotsa. Ki yaye zanin gadon ki duƙa ki dubi saman katifar daga gefe, kwarin zai nuna kansa. Katifar da ta lotsa soso ba ya gyara ta, bin kwarin zai yi ya ƙara nutsar da ke. Wannan sai dai a juya ta, kai ya koma ƙafa, ko a canja ta da wata idan akwai.

Idan tauri ne, ki nemi ma'aikacin da ke kula da ɗakinku, yakan zo ya gabatar da kansa a yinin farko. Ma'aikatan jirgi daga ƙasashe daban-daban suke, don haka nuna masa hoton abin da kike so a waya ya fi dogon bayani. Wanda aka fi samu shi ne soso mai tudu da kwari kamar kiret ɗin ƙwai, wasu jiragen kuma suna da shimfiɗa mai cushe da zare. Idan ya kawo, ki duba shi kafin a shimfiɗa. Tsohon soso tudunsa sun kwanta a daidai wurin ƙugu, wurin da kike buƙatarsa. Idan haka ne a juya shi, ɓangaren ƙafa ya dawo wajen kai, ko a ninka biyu. A sa shi ƙarƙashin mayafin kare katifa da zanin gado, ba a kansu ba, don tsafta kuma don kada ya zame. Idan ya ce babu, kada ki ja da shi, wataƙila ba a hannunsa abin yake ba. Ki nemi shugaban masu gyaran ɗakuna, ko ki je teburin kula da baƙi da saƙon da kika ajiye.

Idan babu soso ko kaɗan, barguna masu cushe irin waɗanda ake lulluɓa da su suna yin aikin, kuma su ba su cika yankewa a jirgi ba. Guda ɗaya ba ya isa, domin zaren cikinsa yana kwanciya kafin tsakar dare. Ki nemi biyu ko uku. A ninka kowanne biyu ta tsawo yadda zai yi faɗin gadon mutum ɗaya, wanda yawanci bai wuce santimita 90 ba, a jera su bakin ninkin ɗaya yana dama na ɗayan yana hagu, don kada gefe guda ya fi tudu. Kada ɗinki ko bakin ninki ya faɗo ƙarƙashin ƙugu. Kowace safiya a kaɗe su su sake tashi.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ɓata duk wannan aikin, kuma mutane kaɗan ne ke lura da shi. Ma'aikatan ɗaki an koya musu ja da zanin gado su cusa shi tamau don gado ya yi kyan gani. Zanin da aka ja haka yana danne sosan, ya hana kafaɗa nutsewa ko da an sa shimfiɗa uku. Kafin ki kwanta ki zaro gefen zanin na ɓangarenki ki sassauta shi, kuma ki roƙi ma'aikacin ya riƙa barin sa a haka.

Gadon ma'aurata a yawancin ɗakunan jirgi gadaje biyu ne aka haɗa, kowanne da katifarsa. Wannan ya yi muku daidai: a sa shimfiɗa a ɓangarenki kaɗai, na maigida a bar masa yadda yake so. Sai dai a lura da mahaɗar tsakiya. Bakin katifa yakan fi tsakiyarta tauri, kuma a nan baki biyu ne suka haɗu, don haka wanda ya gangara can yana kwance a wuri mafi tauri a duk gadon. Idan akwai rata, a naɗe babban tawul ta tsawo a cusa a ciki kafin a shimfiɗa zani. Idan bambancin tudun ɓangarorin biyu ya dame ku, a raba gadajen, aikin 'yan mintoci ne.

Sai matashi, wanda rabin gyaran yana wurinsa. A kan katifa mai tauri kafaɗa ba ta nutsewa kamar a gida, don haka tazarar da ke tsakanin kunne da katifa ta ƙaru, matashin da ya saba yi miki daidai ya zama gajere. Ki ƙara masa tsawo da tawul da aka ninke a ƙarƙashinsa har wuya ya miƙe daidai da ƙashin baya. Ki sa wani matashin tsakanin gwiwoyi, ya kai har idon sawu, don ƙafar sama ta daina jan ƙugu. Ki naɗe ƙaramin tawul, kaurinsa kamar santimita 5 zuwa 8, ki sa a lungun da ke tsakanin haƙarƙari da ƙugu. Wata dabarar da muke ganin ta fi duka ga mai ciwon kafaɗa ita ce a jingina matashi a bayanki ki ɗan kishingiɗa a kansa, ba rigingine ba kuma ba gefe sosai ba, yadda nauyin zai sauka a faffaɗan baya da mazaunai maimakon kan ƙashi. Idan kin koma rigingine, matashin ya koma ƙarƙashin gwiwoyi.

Game da tafiya da naki, ga tafiyar mako biyu da ciwon kwankwaso muna ganin ya dace, idan kamfanin ya amince a rubuce. Ki tambaya tukuna, domin dokar kayan da aka hana shiga da su ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, musamman abin da ya shafi gobara. Bargo mai lantarki da duk abin da ke ɗumama da wuta kada ki ɗauka ba tare da izini ba, ana karɓe irinsu a bakin shiga. Zaɓi na farko soso mai bin siffar jiki. Kaurin santimita 5 ya isa ga yawancin mutane, mai jiki sosai ya nemi 7. Na mutum ɗaya, mai faɗin santimita 90 da tsawon 190, yakan kai wajen kilo 4, na mutum biyu ya haura 7, alhali akwatin jirgin sama yawanci kilo 23 ne iyakarsa. Ki sayi na mutum ɗaya. Ki kwance shi a gida ya sha iska kwanaki kafin tafiya, domin sabo yana wari, kuma ɗakin jirgi ƙarami ne, wani ma babu tagar da ake buɗewa. Ki matse shi a ledar da ake zuƙe wa iska, ki tafi da ƙaramin famfon hannu saboda dawowa, in ba haka ba ba zai koma akwati ba. Irin wannan soso yana ƙara tauri a cikin sanyi, don haka idan an ƙure na'urar sanyaya ɗaki zai ɗauki mintoci kafin zafin jiki ya tausasa shi.

Zaɓi na biyu ya fi sauƙin ɗauka: shimfiɗar masu kwana a tanti, mai shan iska da kanta idan an buɗe bakinta. Ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Ki nemi mai kaurin santimita 5 da faɗin 60 ko fiye, domin mai faɗin 50 kafaɗa tana zamewa daga kanta. Kuskuren da ake yi shi ne hura ta tam, sai ta fi katifar tauri. Ki kwanta a kanta ta gefe, ki buɗe bakin kaɗan kaɗan har ƙugunki ya kusa taɓa katifar, sannan ki rufe. Ki shimfiɗa bargo a kanta don rage ƙara da gumi.

Kada ki yanke hukunci da daren farko, domin barci a baƙon wuri yakan yi sama-sama ko da gadon lafiya lau yake, ga motsin jirgi da jiki bai saba da shi ba. Ki ba kowane gyara dare biyu. Wanka da ruwan ɗumi da ɗan miƙa jiki kafin kwanciya suna rage tsamin safe. Maganin ciwon da likitanki ya amince miki ki tafi da shi daga gida, domin ganin likitan jirgi kuɗi ake biya.

Idan kuna tafe da yara, kada a ƙara soso a gadon sama mai saukowa daga rufi ko bango, domin yana ɗaga mai barci ya kusanci saman shingen da ke tare shi daga faɗowa. Gadon jariri kuwa ba a sa masa komai mai laushi, taurin shi ne kariyarsa daga toshewar numfashi. Ke kuma, idan sagewar hannu ba ta wuce ba bayan kin tashi kin motsa, ko ciwon bayan ya sauka ƙafa tare da raunin ƙafar, ko kika ji mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko riƙe fitsari ya gagara, wannan ya wuce batun katifa. Ki je asibitin jirgi nan take, ko da tsakar dare ne.