Ƙanena, kafin ka zo karatun binciken gawa

Saƙonka na uku ke nan cikin wata guda. Ka gama digirin ilimin sassan jiki a BUK, kana so in nemo maka gurbin karatun binciken gawa a nan Amurka, irin wanda ake taimaka wa 'yan sanda da shi. Maganar biza da kuɗin makaranta ka riga ka san su, ba zan ɓata bakina ba.

Ka taɓa tambayar kanka daga ina gawarwakin suke zuwa? Mutane ne da ransu da lafiyarsu suke cike takarda su sa hannu, cewa idan sun mutu a kai jikinsu jami'a. Tun 1981 Dakta William Bass ya kafa filin da ake ajiye irin waɗannan gawarwaki don nazarin yadda suke ruɓewa a Jami'ar Tennessee da ke Knoxville, ita ma Jami'ar Jihar Texas ta buɗe nata a San Marcos a 2008, mai eka 26. A ajiye wata gawar a rana, wata a inuwa, wata a binne ta sama-sama. Kullum sai mun je mun auna zafi, mun ɗauki hoto, mun ɗebi tsutsar koren ƙuda, don da girmanta ake ƙiyasta kwana nawa da mutuwar mutum. Idan nama ya ƙare, a wanke ƙasusuwan a adana su da lamba.

Gawar farko da na tsuguna a kanta ta wata tsohuwa ce, jan farcenta ko gogewa bai yi ba. Na koma mota na yi ta kuka. Sati guda ban iya cin nama ba, warin kuwa har a hulata. Ni da na tashi a Gwale, inda in mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi maƙabartar Dandolo! Hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye ya hana ni barci. Don Allah ka je ka zauna da malaminka yanzu, tun ba ka biya ko sisi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo kuwa a gida ne. Da na zo hutu, wani ɗan uwanmu ya janye hannunsa daga kwanon da muke ci, wai ni mai wasa da gawa ne. Bai san cewa da aikin hannuna aka gane ƙasusuwan wani saurayi da ya ɓata ba, har uwarsa ta samu abin binnewa. Shekara shida na sha wuya kafin na kai nan, kuma ina alfahari da shi.

Sannan ka sani, lissafin ruɓewar gawa na Tennessee ba zai yi maka aiki yadda yake a zafin Afrilun Kano ba, ga shi mutanenmu da wuya su yarda a buɗe gawar ɗan uwansu. In har yanzu kana kan bakanka, turo mini takardunka. Amma Hajiya, kai za ka gaya mata da bakinka, kada ka bar mini.