Amsa ga Hajiyar da ɗanta ya kafe sai ya shiga sikawut

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Tun da safe na ga tambayarki, na bari sai na taso daga aiki in amsa miki a tsanake. Kin ce yaronki ɗan shekara 10 ya dawo daga makaranta ya kafe sai an sa shi a sikawut. Babansa yana ganin abin Turawa ne kuma ɓata lokacin karatu, ke kuma abin da ya fi tsaya miki a rai shi ne kwanan da aka ce suna yi a waje. Kina son jin ta bakin wanda ya yi. To ni na yi ina yaro a Zariya, daga 1986 har na gama sakandare, yanzu kuma shekara 6 ke nan ina cikin iyayen da ke taimaka wa malamin sikawut na makarantar su ɗana a nan Kano.

Shawarata ki bar shi ya shiga, amma kada ki miƙa shi ki juya baya. Kyan sikawut da muninsa duk suna hannun manyan da ke tsaye a kan yaran, kuma ba za ki san su waye ba sai kin je da ƙafarki.

Ni kaki ne ya fara jan hankalina. Ranar yara, 27 ga Mayu, na ga sa'o'ina suna fareti da ƙyalle a wuya da sanda a hannu, na dawo gida ban iya cin abinci ba. Shekarar da aka shigo da SAP ce, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, babana ma'aikacin reluwe, bakin da yake ciyarwa ya fi ƙarfin albashinsa. Innata ce ta ɗauki tsohon kakinsa ta kai wa tela ya rage mini, wani baduku a unguwarmu kuma ya ɗinka mini zoben fata da ake zura ƙyallen wuyan a ciki. Har yau zoben yana cikin akwatina.

Amma abin da ya zaunar da ni ya faru ne bayan shekara biyu. A sikawut ba a tara yara a yi musu lacca. Ana raba su ƙananan rukunoni, mutum 6 zuwa 8, kowane rukuni da sunansa da tutarsa da shugabansa, kuma shugaban yaro ne a cikinsu. Ina shekara 12 aka ba ni rukunin Mikiya, mu bakwai. Muka fita zango da hunturu, a wani fili bayan gari kusa da rafi. Malaminmu ya ba kowane rukuni mudun shinkafa, da wake, da manja, da gishiri, da tukunya, da tsinken ashana uku. Ya ce abincin dare yana hannunmu. Ya koma gindin wata ɗorawa ya shimfiɗa buzunsa ya zauna.

Ni kuwa, da zumuɗin shugabanci, na kwashe yaran gaba ɗaya muka tafi neman itace. Ban tura kowa ɗiban ruwa ba, ban sa kowa ya jiƙa wake ba. Kafin mu dawo rana ta faɗi. Iska ta kashe mana ashana biyu. Sauran rukunoni sun ci sun wanke tukwane, mu kuwa sai bayan isha muka sauke garau-garau, waken ma bai gama nuna ba. Ƙaramin cikinmu, ɗan shekara 9, ya zauna yana kukan yunwa da sanyi. Duk wannan malam yana gani, bai tashi ba. Daga baya na gane cewa ya ajiye gurasa da ƙuli-ƙuli a jakarsa, da abin ya wuce gona da iri zai fito da su.

Da dare ya kira ni gefe, babu tsawa. Ya ce, "Mutum nawa aka ba ka?" Na ce shida. Ya ce, "Ayyuka nawa ne a girki?" Na lissafa: itace, ruwa, murhu, gyaran wake, wanke-wanke. Ya ce, "To gobe ka raba. Kuma kai ne za ka ci a ƙarshe, sai ka ga kowa ya samu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Washegari mu muka fara sauke koko.

Hajiya, duba yadda muke renon 'ya'ya maza a gidajenmu. Ana aikensu, je ka sayo kaza, kawo kaza, amma da wuya a damƙa musu wani abu a ce kai za ka tsara, in ya lalace kai ne. A makaranta kuma yaro ɗaya ne cikin cunkoson aji, aikinsa ya kwafi abin da ke allo. Sikawut shi ne wuri na farko da aka ba ni amanar mutane, aka bar ni na yi kuskure, kuskuren da ba zai kashe kowa ba amma zan ji zafinsa. Ƙulle-ƙullen igiya da karatun taswira da kafa tanti duk na koya, wasu na manta. Wannan daren ban manta ba, kuma da shi nake tafiyar da ma'aikatan da ke ƙarƙashina yau.

Sai maganar Alhaji cewa abin Turawa ne. Gaskiyarsa, daga can ya fito, bai kamata a ɓoye ba. Wani hafsan sojan Ingila, Baden-Powell, shi ya fara shi. A 1907 ya ɗauki yara 20 ya kai su zangon gwaji a tsibirin Brownsea, a 1908 ya fitar da littafin da ƙungiyar ta ginu a kansa. Sojan mulkin mallaka ne, har da shi a yaƙin da Ingila ta kai wa Asante a Kumasi a 1896. Ya rasu a Kenya a 1941, a garin Nyeri aka binne shi. Sikawut ya shigo Najeriya a 1915, na 'yan mata kuma a 1919. Wato ya fi shekara 100 a ƙasar nan, kakanninmu da suka yi makarantar midil da yawansu sun ɗaura wannan ƙyallen.

Abin dubawa shi ne me ake sa yaro ya yi alkawari a kai. Alkawarin shi ne zai yi iyakar ƙoƙarinsa ya sauke haƙƙin Allah da na ƙasarsa, ya taimaki mutane a kowane lokaci, ya kiyaye dokokin sikawut, waɗanda suka haɗa da gaskiya da riƙon amana da ladabi da tausayin dabbobi da tsabta. Ana kuma son ya yi aikin alheri ko da ɗaya ne kowace rana. Ban ga abin da malamin Islamiyya zai ƙi a nan ba. A zangonmu ana busa usur a tsayar da komai in lokacin salla ya yi, yaro ne ke kiran salla, wanda ya fi su karatu ya ja su. Yaran Kirista da ke cikinmu suna da lokacin addu'arsu, ranar Lahadi a raka su coci. Abu ɗaya da iyaye kan yi tambaya a kai shi ne gaisuwar hannun hagu da 'yan sikawut ke yi a duk duniya. Mu a wajenmu mun daidaita cewa sallama da musafaha da dama ake yi, ta hagu kuwa an bar ta ga bikin rantsarwa da haɗuwa da baƙi, wanda bai so ba kuma ba a tilasta masa.

Yanzu ga ɓangaren da ba na jin daɗin faɗa. Da na shiga sakandare na faɗa hannun wani malami da ya mayar da sikawut gidan horo. Kullum fareti, kullum tsallen kwaɗo, manyan ɗalibai suna zane ƙanana da igiyar usur da sunan tarbiyya. In wani babba zai yi taro, a kwashe mu a jera a rana tun hantsi har la'asar muna tare mutane, ba ruwa ba abinci, ladan kuma ba mu ke karɓa ba. Rabin abokaina a wannan shekarar suka bari. Irin wannan yana nan har yanzu a wasu wurare. In kika je kika tarar babu abin da ake yi sai hagu-dama da tsawa, ba rukunoni, ba yaran da ke shugabantar junansu, to kaki kawai suka saka. Ɗauke ɗanki.

Wannan tsoron ne ma ya sa na shiga a matsayin uba. Da ɗana ya ce yana so, na raka shi ranar Asabar da niyyar in tsaya minti goma. Na tarar da malami ɗaya, matashi mai kirki, da yara sun haura 40, yana ta fama shi kaɗai. Na ga wani yaro yana kokawa da ƙullin da ake ɗaure bandeji da shi, na tsuguna na nuna masa: dama kan hagu, hagu kan dama. Hannuna ya tuna abin da na ɗauka na manta. Tun daga ranar ban fasa zuwa ba sai da larura.

Aikin iyaye ba wani abin ado ba ne. Neman motar da za ta kai yara, auno shinkafa a Dawanau, yanko yadin kaki a Kantin Kwari da yawa don ya yi sauƙi, rubuta wanda ke da asma da wanda ke da sikila da maganin da yake sha, kwana a bakin ƙofa da tocila. Muna da asusun da iyaye ke jefa abin da ya sawwaƙa, da shi muke ɗinka wa marayu kaki ba tare da sauran yara sun sani ba. Kakin da ya yi wa yaro kaɗan a wanke a goge a ba na baya. Iyaye mata su suka fi mu riƙe asusun nan da gaskiya, kuma wata uwa ma'aikaciyar jinya ita ke koyar da taimakon gaggawa: ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi minti 20, ba ƙwai ba man goge baki, saran maciji ba a tsagawa ba a tsotsa ba a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti, gudawa a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wata yarinya a rukunin mata ta haɗa wa ƙaninta wannan ruwan da tsakar dare kafin gari ya waye a kai shi asibiti. Uwar da kanta ta zo ta gaya mana, tana hawaye.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne in zauna a gindin bishiya kamar malamina. Ranar da na ga ɗana yana kafa tanti a kwari, inda ruwa zai taru in an yi sama, ƙafata har rawa take in je in gyara. Na daure. Aka yi yayyafi da asuba, tabarmarsu ta jiƙe, suka tashi suka matsar da shi kan tudu da kansu. Iyaye da yawa a nan suke kasawa, su karɓe wuƙar su yanka albasar, su karɓe igiyar su ƙulla. Mun yi doka a tsakaninmu cewa ba uban da zai kula da rukunin da ɗansa yake ciki.

Maganar kwana a waje kuwa, tsoronki a kan hanya yake. Zamanin da muke kwana a bakin rafi ya wuce. Bayan satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, babu mai hankalin da zai kwashi yara ya kai su daji. Mu a harabar makaranta mai katanga a cikin gari muke yin zango, da sanin 'yan sandan yankin da mai unguwa, kwana biyu kacal, kuma kowace uwa tana da lambar wayar manya uku da ke wurin. Yaran sun rasa wani abu, na sani, domin kallon taurari daga filin ƙwallo ba ɗaya yake da na daji ba. Amma girki da itace da gadin dare bi da bi da hira a bakin wuta duk suna nan.

Akwai kuma haɗarin da ba daga daji yake zuwa ba, wanda mu Hausawa kunya ke hana mu ambata. A Amurka ƙungiyar sikawut ta maza ta kai kanta kotu a kan karayar arziki a 2020 saboda ƙararrakin lalata da yara, mutum fiye da 80,000 suka shigar da koke, akasari kan abubuwan da suka faru shekaru da dama baya. Duk inda aka tara yara, mugu zai nemi hanyar shiga, ko makarantar allo ce ko ta boko ko ƙungiyar ƙwallo. Don haka dokarmu ba ta da sassauci: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ko don nasiha ce sai a inda ake hangensu, manya biyu aƙalla a kowane aiki, babba ba ya kwana a tantin yara, ba a haɗa ɗan shekara 16 da ɗan shekara 10 a makwanci ɗaya, mata da shugabanninsu mata, a ɓangarensu daban. Ki tambayi malamin su ɗanki wannan kai tsaye. In ya amsa da sakin fuska ya nuna miki tsarinsu, alama ce mai kyau. In ya ɓata rai ya ce ba a yarda da shi ba, kin samu amsarki. Ki kuma tambaya ko rukunin yana da rajista da ƙungiyar sikawut ta jiha, ko malamin ya yi horon shugabanni. Shi ma yaron ki zaunar da shi ki gaya masa cewa duk wanda ya ce masa "kada ka gaya wa Umma", to wannan maganar ita ce ta farko da zai kawo miki.

Karatu kuma bai taɓa raguwa a gidana saboda sikawut ba. Awa biyu ne ranar Asabar da safe, mun zaɓi lokacin ne don kada ya ci karo da Islamiyya, kuma in jarrabawa ta matso muna dakatarwa.

Kada ki yi gaggawar ɗinka kaki. Ki bar shi ya je sau huɗu ko biyar da kayan gida, a ga ko son na gaske ne. Asabar ta farko kuma ki lallaɓa Alhaji ya raka shi da kansa, ya samu benci a gefe ya zauna ya kalli yadda ake yi har a tashi. Allah Ya raya mana su, Ya shirya su.