Inabi mai ƙamshi: wanne ne zai yi a ƙasarmu?

Wani Alhaji daga wajen Hunƙuyi ya turo tambaya, ya ce ɗansa da ke karatu a Faransa ya ba shi labarin wani inabi mai ƙamshin fure da ake nomawa a gonakin gado, wai da shi suke yin wata farar giya mai tsada, shi kuma ba ruwansa da giya, irin yake so a kawo masa ya dasa ya riƙa kai wa kasuwa.

To Alhaji, daga yadda yaron ya kwatanta, wannan Gewürztraminer ne, kada sunan ya karya maka harshe. Inabin yankin Alsace ne, can gabashin Faransa kan iyaka da Jamus, kuma gaskiya ne gonakin na gado ne, akwai gidan Hugel a garin Riquewihr da suke wannan sana'a tun 1639, gidan Trimbach kuma tun 1626, ɗa ya gaji uba har yau. Abin mamaki ma fatar inabin ba fara ba ce, ja-ja ce, ruwan ciki ne fari. Ƙamshin nan kuwa a jikin fatar yake zaune, kuma sanyin dare ne ke tsare shi, inabin ya nuna a hankali a hankali ba gaggawa. Kawo shi nan zafin watan Maris ya same shi, sai ya nuna a guje, ɗan tsamin da yake da shi da ma kaɗan ne ya zube, ƙamshin ya gudu, a bar ka da 'yan ƙananan 'ya'ya masu ƙwallo da kaurin fata. Wa zai sayi wannan a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano? Mai saye babba yake nema mai cika baki. Shawarata ka bar musu kayansu.

In ƙamshin ne ya ja ka, akwai wanda ya fi dacewa da mu, sunansa Muscat na Iskandariya. Shi ɗan zafi ne, 'ya'yansa manya, ana cin sa ɗanye, ana busar da shi. A tsibirin Pantelleria na Italiya, wanda ya fi kusa da Tunisiya ma a kan babban tsibirin Sisili na Italiya, suna ce masa Zibibbo, daga kalmar Larabci zabib, wato dai zabibin nan namu da muke sa wa a cikin abinci. Manoman can suna haƙa ɗan rami su dasa a ciki, su bar kurangar gajera kusa da ƙasa saboda iska da ƙarancin ruwa, har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan dabara cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma fa kada ka cika gona da shi tashin farko, gwada layi ɗaya ko biyu tukuna kusa da irin da maƙwabtanka na Kudan suka riga suka saba da shi, domin wani lokaci yana zubar da fure nonon inabin, wato curin 'ya'yan, ya fito da giɓi-giɓi. Kuma kafin a shigo da reshe daga waje sai da takardar hukumar killace tsirrai, kar yaron ya cuso shi a jaka.

Wata Hajiya daga Maraɗi ta ce nata inabin shekara 3 ke nan a tsakar gida, ganye kamar me, ya rufe rumfa, amma ko ɗa ɗaya.

Hajiya aski ne ba ki yi masa ba. A Turai sanyi ne ke sa kuranga ta zubar da ganye ta yi barci, ta farka da fure. Mu nan ba ta barci, sai dai mu tilasta mata da almakashi. Manoman Nashik a Indiya, da yanayinsu ya yi kama da namu, sau 2 suke aski a shekara, na farko a Afrilu su datse rassan sosai a bar ido ɗaya ko biyu don sabbin rassa su fito su ƙosa, na biyu a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, shi ne askin 'ya'ya, a bar idanu da ɗan yawa a kan reshen da ya yi launin ƙasa, a tsige ganyen duka. Daga nan wata 4 zuwa 5 sai girbi. Kin ga ke nan 'ya'yan za su girma cikin hunturu, ba ruwan sama, dare da sanyi, abin da inabi ke so ke nan. Ki rage ban ruwa kafin askin, bayan aski ki ba shi ruɓaɓɓen kashin shanu da ruwa sosai. Ki kuma sassauta da yuriya, ita ce ke sa ganye ya yi ta hauka ba haihuwa.

Wani kuma ya ce da damina ganyen nasa na yin ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa kamar an ɗiga mai, ƙarƙashi kuma fari-fari. Malam fumfuna ce, laima ke kawo ta. Maganin tsoho ne, haɗin Bordeaux, tun 1885 ake amfani da shi: kofa salfet, wato shuɗin sinadarin jan ƙarfe, kilo 1, farar ƙasa, wato laim, kilo 1, ruwa lita 100, a narka kowanne daban a roba, ba a bokitin ƙarfe ba, sannan a haɗa a fesa ranar, har ƙarƙashin ganye. Rigakafi ne fa, tun kafin ciwon ya kama ake fesawa. Ka kuma rage cunkoson ganye iska ta riƙa ratsawa.

Mai tambaya kan lokacin tsinka, inabi ba mangwaro ba ne, in ka cire shi ɗanye haka zai zauna da tsaminsa ko kwana nawa ya yi a kwando. Ɗanɗana na can ƙasan nonon, in shi ya yi zaƙi to sauran ma sun yi, ka yanka da sassafe kafin rana ta ɗaga. Tsuntsaye kuwa tun kafin nan sun riga ka sanin ya nuna, sai ka nemi tsohon gidan sauro ka lulluɓe.