Robar gilashin tsohuwar akori-kura: a sauya kafin fenti ko bayansa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyaran Peugeot 504 akori-kura da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Mai walda ya kusa gamawa, saura fenti. Robobin gilashin duk sun bushe sun tsattsage, da damina ruwa na ɗiga ta ƙasan gilashin gaba, gilasan ƙofa kuma sai kaɗawa suke yi a hanya. Mai fenti ya ce a liƙe robar da takarda a fesa, daga baya a bi tsagar da gam ɗin silikon. Hakan zai yi? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, kada ka yarda da wannan shawarar. A cire gilashin gaba da na bayan kai tun kafin a taɓa fenti, domin ɗigar da kake gani ba daga roba kaɗai take ba.

Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma irin taka na cikin waɗanda ya cika ƙasar nan da su. Motocin wancan zamani ba manna gilashinsu ake yi da gam kamar na yanzu ba. Roba ce mai tsagi biyu: ɗaya ya rungumi bakin gilashi, ɗayan ya kama leɓen ƙarfen bodi. Idan rana ta shekara da shekaru tana dukanta, sai ta ƙanƙance, musamman a kusurwa. Da hunturu ƙura ta shiga ta zauna, da damina ruwa ya bi ta jiƙa, sai ta zama taɓo da ba ya bushewa a ƙarƙashin robar. Daga nan tsatsa ke kamawa. Na sha cire roba a irin waɗannan motoci in tarar kusurwar ƙasa ta zama kamar busasshen ganye, ka sa ɗan yatsa ta ɓurme, alhali daga waje fenti lafiya lau yake. Ruwan da ke bi ta nan a bayan dashbod yake sauka, kan wayoyi, ya gangara ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa ya ci ƙasan motar. Ka fesa sabon fenti a kan wannan, damina ɗaya ko biyu za ka ga ya fara kumbura a gefen roba.

Shi kuwa silikon, irin na masu aikin tagar gida da ke warin tsami, wannan tsamin da yake fitarwa yayin bushewa yana ƙara wa ƙarfe tsatsa. Kuma duk inda ya taɓa fenti ba ya kamawa, sai ya riƙa yin ido-ido. Ba ya gyara robar da ta mutu.

Wajen cirewa, tunda tsohuwar robar ta gama aiki, kada a yi mata tattali. A sa wuƙa mai kaifi a yanke leɓenta na waje har bakin gilashi ya bayyana duka zagaye, sannan mutum ɗaya ya tura a hankali daga ciki da tafin hannu, biyu su tara a waje. Sukundireba kada ta kusanci gilashi. Na gaba yawanci falle biyu ne da leda a tsakani, ɗan murɗawa kaɗan ya isa ya tsaga shi. Na baya da na ƙofa gasassu ne, suna da ƙarfi a tsakiya, amma ƙarfe ya ƙwanƙwasa gefensu sai su tarwatse kamar tsakuwa. A jingina su a kan bargo, nesa da inda ake walda, don tartsatsi na ƙona gilashi ya bar masa tabon da ba ya gogewa.

Leɓen ƙarfen nan shi ne ainihin aikin. A kankare shi har sai farin ƙarfe ya fito. Inda ya huje a yanke a sa sabon ƙarfe, kada a cika ramin da fila, wato kwaɓin da masu fenti ke cike lotsawar bodi da shi, domin fila na shan ruwa, kuma idan leɓen ya yi kauri roba ba za ta zauna ba. Mai walda ya riƙa ɗora gilashin yana gwadawa yayin da yake aiki, kada girman tagar ya sauya. Sai a shafa maganin tsatsa, a yi fenti har cikin leɓen, a bar shi ya bushe sosai, kwana da kwanaki, kafin roba ta hau.

Sai sayen roba. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tafi da guntun tsohuwar a aljihu, ka gwada bakin yankan da na sabuwar, domin siffar tsagin ita ce magana. Ka lanƙwasa ta sosai ka duba: idan ƙananan tsaga suka bayyana, ta tsufa a shago, ko da a ledarta take. Ka danna farce, ya kamata wurin ya dawo. Ta gwanjo da aka ciro daga wata motar ni ban cika so ba, shekarunsu ɗaya da taka. Idan ka samu wadda aka ƙera da kusurwoyinta, ta fi ta awo da ake yankowa daga nadi. Idan ta awon ce kawai, a yanka ta da ɗan rara a cusa, kada a ja ta, don duk robar da aka miƙe sai ta koma, ta bar maka giɓi a mahaɗa.

Ranar sakawa a shanya robar a rana ta yi laushi. A fara sa ta a jikin gilashi. Idan tana da zanen ado mai shiga cikinta, shi ma yanzu ne lokacinsa. Sai a samo igiya mai santsi da ƙarfi, kaurin milimita 4 zuwa 5, a cusa ta cikin tsagin da zai kama ƙarfe, ta zagaye duka, bakunanta biyu su gitta juna a tsakiyar ƙasa. A shafa ruwan sabulu. Baƙin mai, giris da kananzir da wasu yaran shago ke shafawa suna kumbura roba su kashe ta, a kiyaye.

A ɗora gilashin daga waje, bakunan igiya na lilo a cikin mota. A tabbata ya zauna a tsakiya kafin a fara, don bayan an fara ba ya matsawa. Na ciki ya riƙa jan igiya a hankali zuwa tsakiyar gilashi, taki ɗaya dama, taki ɗaya hagu, na waje yana bin hannunsa yana dannawa da tafi. Za ka ga leɓen roba yana kifuwa kan ƙarfe kamar ana buɗe baki. A kusurwa ne ake asara: nan igiya ke yin nauyi, mai gaggawa ya fizga ya yaga sabuwar roba. A ƙara sabulu, a riƙa juya igiyar kaɗan-kaɗan har ta wuce. Idan ana son ƙarin kariya, akwai baƙin gam na gilashin mota wanda ba ya daskarewa, shi ake ɗurawa siriri ƙarƙashin leɓen waje.

Kaɗawar gilasan ƙofa kuwa daga hanyar da gilashi ke hawa da sauka ne, wata roba mai gashi-gashi a ciki. Gashin ya cinye, gilashi na dukan ƙarfe. A sauya ta tare da robar bakin ƙofa mai share ruwa, amma a sa takarda mai gam a gefen sabon fenti kafin a ɓalle ƙugiyoyinta. Ka sani ko sabuwa ce ba ta hana ruwa shiga cikin ƙofa gaba ɗaya. Shi ya sa aka yi ƙananan ramuka a ƙasan ƙofar, kuma a tsofaffin motoci za ka same su toshe da laka ko fila. A buɗe su da waya, a mayar da ledar da ke bayan kwalin ƙofa.

Kafin a mayar da kujera da shimfiɗa, ka zauna a ciki da tocila, yaro ya riƙa zuba ruwa da buta daga ƙasan gilashi yana hawa sama, kai kuma kana duban kusurwoyi da ƙarƙashin dashbod. Inda ɗigo ya fara fitowa, a tsaya a gyara wurin kafin a ci gaba. Allah ya sa albarka a motar Baba.