Tambaya da Amsa: Me Ya Kai Fankokin Lantarki Tsakiyar Teku?

Tambaya: Malam, na ga a talabijin Turawa sun kakkafa manya-manyan fankoki a cikin teku suna samar da wuta. Fili ne ya ƙare musu? Kuma mu da muke da teku a Legas, me ya hana mu yi? Daga wani makaranci a Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, iska suka bi. A teku babu tsauni, babu gini, babu bishiyar da za ta tare ta, don haka tana kaɗawa da ƙarfi kuma ba ta cika ɗaukewa ba. Ga kuma inda ribar take: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Ka ga ko ɗan ƙari ne, kuɗi ne.

Danmak ce ta fara a 1991, da fankoki 11 a Vindeby, duka-duka megawat 5. Yanzu tashar fankoki ta Hornsea 2, mai nisan kilomita 89 daga gaɓar Ingila, fankoki 165 gare ta, tana ba da megawat 1,300 da ɗoriya. Na Dogger Bank kuwa, wata tashar a tekun Ingila, fiffike ɗaya mita 107 ne, ya ɗara tsawon filin ƙwallo. Sin ma ta shigo daga baya ta wuce kowa.

To amma teku ba ta da sabo. Gishiri yana cin ƙarfe dare da rana. Kafa fanka ɗaya sai da jirgin ruwa na musamman, wanda ke sauke ƙafafunsa ƙasan teku ya ɗaga kansa sama, kuma irinsa ba su da yawa a duniya, layi ake bi. Sannan a binne kebul tun daga can har tudu. In inji ya samu matsala ana cikin igiyar ruwa, makaniki zama zai yi a tasha har teku ta lafa, fankar na tsaye, bashin banki na tafiya. Masunta ma suna ƙorafin an tare musu wuraren kamu. Inda zurfi ya yi yawa kuwa sai dai fanka mai yawo a kan ruwa, ɗaure da sarƙa, irin guda 5 da aka kafa a Sikotilan a 2017, kuma ta fi tsada.

Ni abin da na fi ɗauka da nauyi shi ne kuɗin ruwan bashin banki, domin kusan duk kuɗin aikin tun farko ake zuba shi. A 2023 da kuɗin ruwa da farashin kayan aiki suka tashi, kamfanin Ørsted ya watsar da ayyuka biyu a gaɓar New Jersey ta Amurka, a Birtaniya kuma gwamnati ta buɗe tayin kwangila babu kamfani ko ɗaya da ya taya na teku.

Batun Legas, gaskiya ban ba da shawara ba. Iskar gaɓarmu mai sanyin jiki ce, ba ta kama ƙafar ta Tekun Arewa na Turai ba. Ƙarfin iskar Najeriya a Arewa yake, wajen Jos, Katsina da Sakkwato. Kai da kake Funtuwa, ai ka san fankoki 37 na Lambar Rimi a jihar Katsina masu megawat 10, da shekarun da aikin ya ci, alhali a tudu suke, mota na zuwa har gindinsu. Ƙara da babban layin wutar ƙasa da ke yawan durƙushewa. Da ni ke riƙe da kuɗin, sola zan sa a gaba, in gyara layin, in ga Lambar Rimi tana juyawa kullum tukuna.