Amsa ga mai tambayar moter ɗin da ke karkarwa a RAMPS

Salamu alaikum ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, ka ce ka ɗora RAMPS 1.4, wato kart ɗin da ke sarrafa na'urar bugu ta 3D, bisa Arduino Mega, kart ɗin ya samu wuta lafiya lau amma moter ɗin X karkarwa kawai yake ba ya juyawa, direban A4988, ɗan ƙaramin kart ɗin da ke tuƙa moter, kuma ya yi zafi rau. To ka cire kuran tukuna kafin ka taɓa komi, don ni direba biyu na ƙona a rana guda wurin gaggawa, na zare fil ɗin moter alhali wuta na ciki, kuma ka san a nan Damagaram ba abu ne da za ka shiga kasuwar Dole ka ce a ba ka ba, sai da na jira wani mai zuwa Kano ya taho min da su.

Karkarwar nan galibi fil ne aka jera ba daidai ba. Moter NEMA 17 fil huɗu gare shi, bobin (naɗin waya) biyu ne a ciki, kowane da fil biyu, kuma kar ka yarda da launi wallahi, kowane kamfani da yadda yake sa nashi. Zare moter ɗin daga kart, ka haɗa bakin fil biyu ka murɗa sandar da hannu, in ka ji ta yi tauri to waɗannan biyun 'yan bobin guda ne, su za su zauna kusa da juna a kart, 1A da 1B, sauran 2A da 2B. In ya juya baibai wannan ƙaramin abu ne, kashe wuta ka juya fish ɗin gaba ɗaya.

Zafin direba kuma, akwai ɗan ƙaramin buton a samansa da ake murɗawa da siririn turnabis. Sa multimetir, baƙin fil a GND (ɓangaren -), jan a kan buton ɗin. In rezistans ɗin da ke jikin direban R100 ne, 0.8V na ba ka ampa 1, ni nawa ina barin su wajen 0.6 kuma suna aiki sumul. Ka yi hattara turnabis kar ya zame ya taɓa ƙafafun gefe. Kuma fanka dole ce, mu da watan Afrilu ke kai mu sama da digiri 40, waɗancan ƙananan ƙarafunan sanyayawa da ake liƙa musu ba su isa su kaɗai, direban zai yi zafi ya ɗan ɗauke ya dawo, sai ka ga aikinka ya goce gefe guda a tsakiyar bugu. Lokacin hunturu kuma ƙura, ina hure nawa duk sati.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kar ka haɗa komi lokaci guda. Fara da USB kaɗai, Marlin, manhajar da ke tafiyar da na'urar, a cikin Arduino, ka sa termistans, masu auna zafi, T0 na kan narkar da roba, T1 na farantin da ake bugu a kai, ka ga zafin ɗakinka ya fito a kwamfuta, in ya nuna sifili ko MINTEMP fil ya tsinke ko bai zauna ba. Sannan makunnan iyaka, waɗanda ke tsayar da moter in ya kai ƙarshen hanyarsa, ƙafa uku ne a kart, S da - da +, makunni mai fil biyu S da - kawai yake so, in ka kuskura ya haɗa + da - to danna guda regilater ɗin 5V na Arduino ya tafi. Tura umarnin M119 daga kwamfuta kana danna makunnin da yatsa ka ga yana canzawa. Bayan nan moter ɗaya ɗaya, masu zafi su ne ƙarshe, D10 kan narkarwa, D8 faranti, D9 fanka.

Wurin D8 ɗin nan ka tsaya sosai, faranti na jan wajen ampa 10, fuz ɗin gefensa na 11 ne, sa fil mai kauri, kuma kar ka shafa wa bakinsa dalma kafin ka ɗaure vis, dalmar na lotsewa a hankali sai wurin ya saki ya fara zafi, na ga koren fish ɗin wani abokina ya narke baƙi ƙirin saboda haka. Duba bayan alim ɗinka, akwatin da ke ba na'urar wuta, ma in akwai makunnin 110/220 ya kasance a 220, kuma 12V za ka ba RAMPS, kar wani ya ce ka sa 24 haka nan ba gyara. Kariyar zafi ta Marlin ka bar ta a kunne don Allah, ko tana damunka da tsayawa, in termistans ya zame daga raminsa ita ce za ta kashe wutar.

Gwada fil ɗin nan ka turo hoton kart ɗin daga sama, ina son in ga yadda direban ya fuskanta da ko ƙananan jampa ukun nan na ƙarƙashinsa.